Watanda a Aji Huɗu

Sallar asuba kawai muka jira, ana sallamewa muka bar Sakkwato. Mu uku ne a motar: ni, da ƙanen maigidana da ke tuƙi, da abokiyar aikina, wata Bayarabiya haifaffiyar Sakkwato, wadda ta ce ko a ƙafa ne sai ta bi ni ta ga ƙasar abokan wasanta Gobirawa. Masu bibiyata a nan da suka yi ta tambaya ina na shige kwana biyu, to ga amsarku, Sabon Birni da Isa na je, kuma ba biki ya kai ni ba.

Aikina koya wa malamai yadda za su koyar da lissafi. A cikin ɗaliban da suka bi ta hannuna akwai wani Bashiru, ɗan Isa, sarkin gardama. Ba ka isa ka ce masa ga yadda ake yi ba sai ya ce me ya sa. Ina ƙaunar yaron nan saboda wannan halin, ko da yake ya sha hana ni shan ruwa tsakanin darasi da darasi. Da ya gama aka tura shi wata firamare a wani ƙauye ta wajen Unguwar Lalle, kuma shi kaɗai ne mai koyar da lissafi a manyan azuzuwan makarantar. Sai ga wayar mahaifiyarsa ranar nan da hantsi. "Malama, ɗanki za ya aje alli," in ji ta. "Yayanai ya sawo mai mashin, wai shi dinga kai kaya Burkusuma. Ni kau hanyag ga ba ta kwanta min a rai ba." Na kira Bashiru, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Malama, ni dai ban iya ba." Wannan kalma ita ta hana ni sukuni. Maigida ya ce hanya fa, na ce zuwa da kai ya fi aike. Sai ya ce ƙanensa ya kai ni.

A Achida muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa, mai zafi har yana ƙona harshe. Direbanmu ya sha mai a nan, ya dawo yana ƙunƙuni, wai abin da da yake kai shi Isa ya dawo da shi yanzu da ƙyar zai ga Goronyo. Na san dai da ni yake. A Goronyo kuwa abokiyar tafiyata ta ga soyayyen kifi a faranti ta ce atafau sai an tsaya. Ta taya albasa, da aka faɗa mata kuɗi ta riƙe baki, ta ce ashe a gidan albasa ma albasa ta fi ƙarfin talaka. Mai kifin, Bagobiri ne, ya dubi ɗaurin ɗankwalinta ya ce ko a ƙara wa baƙuwa barkono, tun da an san Yarabawa ba su jin ɗanɗanon komai sai da shi. Ta mayar masa da Sakkwatanci tsantsa, har ya ƙara mata kifi ɗaya don kunya.

Daga Goronyo hira ta ragu. Kowa ya san halin da yankin nan yake ciki, ba sai na tsaya bayani ba. Shingayen jami'an tsaro ga su nan, a leƙa mota, a ce Allah ya tsare, mu ce amin da gaskiyarmu. Gero ya yi kyau bana, wani wuri an fara girbi an jera dammuna, wani wuri kuma sai ka ga gona shar da ciyawa, ba wanda ya samu zuwa noma ta. Wannan ya taɓa min zuciya ƙwarai. Amma wajen Tsamaye muka ci karo da mata suna sussuka suna raha, da yara suna gudu da tumu a hannu, sai na ji numfashina ya dawo daidai. Hanyar kuwa rabi kwalta rabi tarihin kwalta, bayana bai yafe mata ba har yau.

Kafin azahar muka shiga Sabon Birni. Gari ne na mashin, ko'ina ka juya ga su nan, an ɗaure musu buhuna da jarkoki har ba ka ganin mai tuƙi. Na yi ta kallon samarin da ke kansu ina cewa a raina, wato haka Bashiru yake so ya koma. Muka sauka gidan wata tsohuwar ƙawata, ungozoma ce da ta yi ritaya. Ta dama mana furar sabon gero da nonon da wata Bafullatana ke kawo mata kullum, mai kauri, ba irin wanda ake yi mana baftisma da ruwa a birni ba. Wani mai sayar da cuku da dabino da ya tsallako daga Nijar ya ji ana ce min malama, sai ya ce shi ma ƙanensa mushe ne a wata lakwal, haka suke kiran malami da makaranta a can. Ya yi min ragi saboda zumuncin alli.

Da la'asar Bashiru ya zo. Ya rame, gardamar nan duk ta zube, ya durƙusa nesa yana wasa da bakin tabarma. Na ce ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ya ce albashi kam kowa ya san halinsa, amma ba shi ya karya shi ba. Duk abin da na koya masa ya yi. Bai bar yara da haddar "biyu sau biyu huɗu" kawai ba, ya sa sun tara tsakuwa da ƙwallon aduwa suna taɓa lissafi da hannu, yana kuma ƙulla kowane darasi da abin da suka sani a gida. Tarawa ta tafi lafiya, ɗebewa da ninkawa ma haka. Da aka zo rabawa sai mota ta kafe. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, ya yi gwaji, kusan ajin duka suka faɗi, har da waɗanda yake taƙama da su. Hedimasta, dattijo ne mai kirki amma ɗan zamanin da, ya ce masa ya bar wasa da duwatsu ya koma hadda da bulala. Shi kuwa ya ce in dai sai da bulala, to gara ya karɓi makullin mashin ɗin da Yayansa ya saya masa. Gobe Juma'a in an tashi zai tafi Isa ya ba da amsa. Na ce to, kafin nan ina so in zauna a bayan ajinka.

Washegari da sassafe muka bar mota a bakin titi muka hau mashin. Abokiyar tafiyata ta riƙe ɗan kabu-kabun nan riƙon da sai da ya ce, "Hajiya, ki bar min haƙarƙari guda in yi numfashi da shi." Makarantar azuzuwa ne 'yan kaɗan, rufin ɗaya iska ta tafi da rabinsa, ga wata ƙatuwar tsamiya a tsakar fili. 'Yan aji huɗu suna zaune a tabarmi, maza gefe, mata gefe, suka miƙe suka gaishe mu da murya ɗaya kamar za su ɗage sauran rufin.

Bashiru ya ɗauki alli. Ya ce an kawo ƙwan zabi goma sha biyu gida, a raba wa Baba da Yaya da Auta, kowa nawa zai samu? Kun ji yadda ya kawo tambayar kusa da su, kamar yadda na koya masa. Yara suka sunkuya kan tsakuwarsu, ni kuma na tashi ina zagayawa. Wannan ya ba Baba shida, Yaya huɗu, Auta biyu. Waccan ta ba Baba biyar, Yaya huɗu, Auta uku. Wani marar tausayi ya ba Baba takwas, ya bar Auta da ɗaya tal. Bashiru ya dube ni da idon "kin gani ko". Na gani kuwa, amma ba abin da yake nufi ba. Duk wanda na duba, in ka haɗa kasonsa goma sha biyu ne cif, ba wanda ya ɓatar da ƙwai ko ɗaya, kuma ba wanda ya ba Auta fiye da Baba. Yaron da bai gane ba amsarsa warwatse take fitowa. Waɗannan kuwa duk hanya ɗaya suka bi, ruwa kuma ba ya tsami banza.

Na tsuguna gaban wata yarinya mai kitson shuku, Saratu, wadda Bashiru ya ce ta fi kowa kai. Ban ce mata ta yi daidai ko ba ta yi ba, cewa kawai na yi ta gaya min yadda ta yi. Ta rufe fuska da mayafi, sai da na lallashe ta. Na ce, da an ba kowa huɗu-huɗu fa? Ta zaro ido ta ce, "Malama, ina Auta za ya ci daidai da Baba? Ai rashin kunya na." Ajin duka suka ce, "Rashin kunya na!" Wani daga baya ya ƙara da cewa ai ya san huɗu-huɗu ne Malam yake so, amma shi ba ya iya rubuta hakan da sunan Baba.

Jama'a, na so ku ga fuskar Bashiru. Ya dafa allo, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda hawaye ke biyo ta. Makonni yana faɗin "a raba daidai", su kuwa daidai a wurinsu shi ne kowa ya samu abin da ya dace da girmansa, kamar yadda suke gani a kwanon gidansu kullum. Ba kai ne babu ba, ladabi ne ya yi yawa. Ni ma sai da idona ya cika, don na daɗe ban ga kuskure mai kyau irin wannan ba.

Na koma mazaunina na naɗe hannu, don aji nasa ne. Sai na ga tsohon Bashiru ya dawo, mai tambayar nan. Ya ce wa yara, to a ina ne ake ba babba da ƙarami abu ɗaya ba a ce an yi rashin kunya ba? Wata ta ce tagwayen gidansu, in an saya wa Hassan takalmi dole a saya wa Husaini irinsa. Wani dogo ya ɗaga hannu har yana tashi tsaye ya ce, "Watanda, Malam! Ran jajibirin Sallah in anka yanka sa, ko mai gari kashi ɗai na, ko Babana kashi ɗai na." Nan take Bashiru ya ce kowa ya kwashi tsakuwarsa a fita gindin tsamiya.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin rabawa mafi daɗi da na taɓa gani. Ya kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni an haɗa an sayi sa, tsakuwa ita ce tsokar nama. Suka dinga ajiye ɗaya nan, ɗaya nan, ɗaya nan, suna zagayowa har ta ƙare, yadda suka ga manya na yi. Har ƙuri'a suka yi da guntayen karan gero don kada wani ya zaɓi kashi. Kaito ga wanda ya bari wani kashi ya fi wani, ihu za su yi masa. Daga nan ya ce a ajiye tsakuwa, a zana kasuka a ƙasa da yatsa. Sai da wannan ya zauna sannan aka koma aji, ya rubuta goma sha biyu da alamar rabawa da uku a allo, ya ce wannan alama in kun gan ta, watanda take nufi. Daga hannu zuwa zane, daga zane zuwa alama, abin da muke cika littattafai da shi ke nan, ga shi an yi shi a gindin tsamiya kafin a tashi tara.

Ni da ba na iya barin zaman lafiya na ce a ba su goma sha uku su raba uku. Aka yi huɗu-huɗu, ɗaya ta rage, aka tsaya ana kallonta. Dogon nan ya ce, "Wagga ta mai hiɗa ta." Wato ladan wanda ya feɗe sa. Hedimasta da ya daɗe tsaye a taga ya yi dariya har hularsa ta goce, ya ce shekara da shekaru yana koyar da saura, bai taɓa sanin mai ita ba sai yau. Kafin mu fita na ja Bashiru gefe na ce kada ya kashe musu rabon gida. Ya gaya musu shi ma lissafi ne, za su tarar da shi a gaba in an zo rabon da wani ke ɗaukar ninkin wani, har rabon gado ma danginsa ne. Abin da ya rage kawai su riƙa sanin wanne ake tambaya.

Bayan an sauko Juma'a muka kama hanyar Isa da Bashiru a gaban mota. Hanyar ba ta da tsawo, ga fadama kore, ga shanu suna kiwo a gefen gonakin da aka girbe. Direbanmu dai idonsa na kan rana, yana ta cewa a shiga gari da wuri. A zauren gidansu Bashiru abu na farko da na gani shi ne mashin ɗin, sabo fil, ledar kujera ma ba a cire ba. Na yi masa kallon da ake yi wa abokin gaba. Inna, mahaifiyarsa, ta rungume ni kamar mun shekara da sanin juna, alhali muryata kawai ta sani. Yayan kuma, mutum mai nutsuwa, ya zo ya gaishe mu. Da na ji ta bakinsa sai na kasa jin haushinsa. Shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya ga ƙanensa yana ramewa, ya tattara abin da yake da shi ya nema masa mafita.

Inna ta yanka mana zabi biyu, ta yi tuwon gero da miyar kuka mai man shanu. Ita ta yi rabo da hannunta. Ni ƙirji da cinya, abokiyar tafiyata cinya, tare da gorin cewa Bayarabe bai saba da nama ba kada ya ƙware, direba da Yaya aka aika musu nasu zaure. Da aka zo kan Bashiru, wanda ya leƙo karɓar kwano, sai ta ɗora masa wuya da fiffike ɗaya. Ashe shi ne autan gidan. Muka haɗa ido da shi, dariya ta kece mana, Inna tana ta tambaya me ta yi. Amma a cikin dariyar nan na gane abin da ke gabansa. Yaron da aka raina a kan wuya da fiffike, wanda bai taɓa ɗaga ido ya dubi Yaya ba, ta yaya zai mayar masa da makulli? Abin da ya hana 'yan aji huɗu rubuta huɗu-huɗu, shi ne zai hana malaminsu cewa a'a.

Ban sa baki ba. Maganar gida ce, ni kuma baƙuwa ce, iyakata na ba Yaya labarin abin da na gani a gindin tsamiya, ya saurara yana gyaɗa kai. Da safe da muka zo tafiya makullin yana rataye a ƙusa a zaure, ba a hannun kowa ba. Inna ta cika mana but ɗin mota da gero da kuka da ƙwan zabi a ƙwarya cikin ƙaiƙayi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, Auta mi yac ce maki?" Na ce bai ce komai ba, Inna, sai addu'a.

An ba mu shawara mu bar gajerar hanya mu koma ta inda muka fito, haka kuwa muka yi. Muka sake ratsa Sabon Birni da Goronyo, mai kifin nan ya hango abokiyar wasansa ya ɗaga mata barkono daga nesa. Ƙwai biyu suka fashe a ramukan hanya, sauran muka raba a ƙofar gidana, kuma tun da ni ce babba na ɗauki kaso mafi tsoka ba tare da kunya ba. Direba ya ce ai ya ɗauka watanda za a yi. Mun iso lafiya kafin la'asar, alhamdu lillahi, amma zuciyata tana can rataye tare da makullin nan.

Abin da tafiyar ta koya min ba sabo ba ne, sai dai gani ya kori ji. Yaro ba ya zuwa aji da kai fanko, da lissafin gidansu yake zuwa, da kunyarsa da ladabinsa duka. In ya ba ka amsar da ba ka so, kafin ka ja jan biro ka tambaye shi yadda ya yi, ka kuma saurara da gaske. Malamai 'yan uwana, kawo darasi kusa da gida abu ne mai kyau, amma ku sani in kun kira Baba cikin tambaya, da girmansa zai shigo.

Ranar Talata da hantsi ina tsakiyar gyaran wake waya ta yi ƙara. Bashiru ne, ga hayaniyar yara a bayansa. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce Saratu ta ta da rigima, wai in babu mai fiɗa, tsokar da ta rage a yanka ta uku kowa ya samu, shi kuma yana so ya san ta ina zai fara koya musu rubuta wannan, kuma me ya sa littafi ya ajiye shi sai zango na gaba. Na ce ka tsaya tukuna, sarkin gardama, mashin fa? Ya ce, "Na durƙusa na ce ma Yaya shi yi haƙuri. Tun da aka haihe ni ban taɓa ce mai a'a ba sai ranan nan." Na ce shi kuma me ya ce? Ya ce Yaya ya ce to Allah shi yi albarka, da aka kawo tuwo kuma ya ɗauki cinyar da Inna ta sa masa ya ajiye a gaban Auta, wato shi Bashiru.

Na ture farantin wake gefe, na share idona da bakin zane, na ce masa ya samo rake guda da wuƙa, gobe da yanka shi gida uku a gaban yara za a fara.